Wayar aljihunka na iya taya mai shanyewar ɓarin jiki motsa gaɓɓai

'Yan uwa masu jinya, wanda aka sallamo daga asibiti a Birnin Kebbi ya koma Kamba ko Zuru, ba kowane mako zai iya dawo mana sashen gashi da motsa gaɓɓai na asibiti ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da shi gida. Abin da ke ci mini rai shi ne, watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon sarrafa hannu da ƙafa, kuma da maimaitawa take koyo, ba da shafa mai ba.

A cikin wayar zamani akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi. Ita ce ke juya hoto idan ka karkata wayar, ita ce kuma ke ƙirga taku. Akwai kuma kyamarori masu gane gaɓɓai, irin Kinect da Microsoft ya fitar a 2010 don wasan kwamfuta, wadda ma'aikatan sashen gashi suka ɗauka suna auna ɗagawar hannun majiyyaci da ita.

Amfanin a fili yake. Idan aka ce wa Baba ya ɗaga hannu, sau da yawa kafaɗa zai cira ko ya karkata jiki, shi a ganinsa ya ɗaga. Ido kan yafe masa, musamman idon ɗa mai tausayi, amma hoto ba ya ɓoyewa. Ko ba ku da wata manhaja, ku jingina waya a jikin turmi, ku ɗauki bidiyonsa yana atisayen da aka koya masa, ku tura wa ma'aikacin da ke duba shi ta WhatsApp ya gyara. In ya fara takawa, a sa masa wayar a aljihu, a rubuta takun kowace rana. Sai dai mai jan ƙafa a hankali, wayar kan rage masa lissafi, kada hakan ya karya masa gwiwa.

Wayar ba ta tare mai faɗuwa, don haka wani ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye. Kada a ja shi ta hannun, kafaɗar na iya gocewa. Ruwan zafi kuwa a bar shi, fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Maganin hawan jini ya ci gaba da sha yadda likita ya rubuta.