Waiwaye: Baftis, ɗarikar da mulki yake hannun ikilisiya

'Yan Baftis ba su da bishop. Kowace ikilisiya ita ke kiran fastonta, ita ke sarrafa baikonta, kuma a taron membobi ake yanke shawara, inda hannun mai sayar da kayan miya da na lauya duk ƙuri'a ɗaya ne. Wannan ɗarika ta faro ne a 1609 a Amstadam, lokacin da John Smyth da wasu Turawan Ingila da suka gudo daga tsanantawar cocin gwamnati suka ce ba za a yi wa jariri baftisma ba, sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. Abokinsa Thomas Helwys ya koma Landan ya kafa ikilisiyar Baftis ta farko a Ingila, ya kuma rubuta wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko a kan ran mutum. A kurkuku ya ƙare rayuwarsa.

A Amurka ɗarikar ta yi ƙarfi, amma a 1845 ta tsage kan tambayar ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. 'Yan kudu suka ce zai iya, suka kafa Southern Baptist Convention. Wannan tabo ne mai ciwo, kuma sai a 1995 suka fito suka nemi gafara. Su ne suka turo Thomas Jefferson Bowen, wanda ya sauka Badagry a 1850, ya yi aiki a Ijaye, daga baya ya zauna Ogbomosho.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda 'yan ƙasa suka ɗauki koyarwar 'yancin ikilisiya da muhimmanci har suka juya ta kan masu mishan. A 1888, da aka sallami Fasto Moses Ladejo Stone a Legas ba da shawarar jama'a ba, membobi suka fice suka kafa tasu ikilisiyar. Sai a 1914 aka haɗe a Ibadan da sunan Yoruba Baptist Association, Mojola Agbebi ne shugaba na farko, a 1919 kuma ta zama Nigerian Baptist Convention.

Arewa kuwa, fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa ne suka kawo ta. Tun da ba a jiran izinin wani babba, mutane kaɗan sukan fara addu'a a ɗakin wani a Sabon Gari, da Yarabanci, kafin a samu fasto. Wa'azi da Hausa ya biyo baya, aka buɗe makarantar horar da fastoci a Kawo, Kaduna.

Yau ikilisiyoyin yanki ɗaya kan haɗu su zama ƙungiya, ƙungiyoyi su zama babban taron jiha, sannan taron ƙasa mai hedikwata a Ibadan. Ikilisiyoyin ne ke tura wakilai da kuɗi sama, da su ake riƙe makarantar tauhidi ta Ogbomosho da Jami'ar Bowen da ke Iwo.