Me ake nufi da tsagaita wuta, kuma me ya sa ba ta isa ta mayar da 'yan gudun hijira gida?

Duk mai bibiyar labaran duniya ya saba jin an cimma yarjejeniyar tsagaita wuta, kafin a kwana biyu kuma kowane ɓangare ya fito yana zargin abokin faɗansa da karya ta. Da yawa suna ɗauka da an sa hannu yaƙi ya ƙare. Ba haka abin yake ba. Tsagaita wuta alkawari ne tsakanin masu faɗa cewa za su daina harbi, na wani lokaci ko a wani yanki, alhali kowa na riƙe da makaminsa, yana kuma zaune a wurin da ya kama. Abin da ya haddasa rikicin, mulki ne ko ƙasa ko arziki, yana nan ba a taɓa shi ba.

Iri-iri ce. Akwai ta jin ƙai, ta 'yan sa'o'i ko kwanaki, domin a shigar da abinci da magani, a kwashe masu rauni, a binne gawarwaki. Akwai kuma ta dindindin, wadda ake rubutawa dalla-dalla: ina dakarun kowa za su tsaya, wa zai sa ido, me za a kira saɓa alkawari. Wannan na ƙarshe shi ya fi cin rai wajen tattaunawa. Idan ba ka yi harbi ba amma ka ƙaro motocin yaƙi cikin dare, ko ka ɗebi sababbin mayaƙa, ka karya ko ba ka karya ba? In takarda ba ta fayyace ba, kowa fassarar da ta yi masa daɗi zai ɗauka.

Sudan ta nuna haka ƙarara. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar na Janar Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda Hemedti ke jagoranta. A watan Mayu Saudiyya da Amurka suka zaunar da wakilansu a Jidda, aka sa hannu kan gajerun yarjejeniyoyi. Babu dakarun sa ido a ƙasa, kowane ɓangare kuma yana ganin zai iya cin nasara da bakin bindiga, ga masu ba su makamai daga waje. Aka ci gaba da luguden wuta a Khartum da Darfur, miliyoyin mutane suka tsallaka Chadi da Masar da Sudan ta Kudu.

A ganina babban abin da ke kashe irin wannan alkawari shi ne tsoro, fiye ma da mugunta. A yaƙin ƙasa da ƙasa kowa na iya janyewa ya koma bayan iyakarsa da sojojinsa. A yaƙin basasa kuwa dole a ƙarshe runduna ɗaya ta rage, ma'ana wani zai miƙa bindigarsa ga wanda jiya yake neman ransa. Wa zai fara? Shi ya sa ake neman na uku da zai tsaya tsakani. A rikicin Angola an sa hannu kan yarjejeniya a Bicesse ta ƙasar Portugal a 1991, aka garzaya zaɓe a 1992 tun ba a gama kwance ɗamarar mayaƙa ba. Jonas Savimbi, madugun 'yan tawaye, ya ƙi amincewa da sakamako, ya koma daji da rundunarsa, yaƙi bai ƙare ba sai bayan mutuwarsa a 2002. Mozambik ta bi a hankali. Bayan yarjejeniyar Roma ta 1992, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dubban dakaru, aka tara mayaƙa a sansanoni aka sallame su da ɗan kuɗin kama sana'a, ƙungiyar 'yan tawaye ta Renamo ta zama jam'iyya, sannan aka yi zaɓe a 1994. 'Yan gudun hijira kusan miliyan 1.7 suka koma, akasarinsu daga Malawi.

To amma shi ɗan gudun hijira ba takarda yake karantawa ba. Tambayoyinsa daban ne. Wa ke zaune a gidana yanzu? Su wa ke tsare shingen shiga garinmu, waɗanda suka kore mu ne? An cire nakiyoyin da aka binne a gona? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Abin da aka saba gani shi ne mutum guda ya tafi leƙen gida shi kaɗai, ya bar iyali a sansani da katin karɓar abinci a hannunsu, ya duba rufin ɗaki da rijiya, ya ji abin da maƙwabta ke faɗa, sannan ya dawo a yanke shawara. Masu sukar mutanen nan da cewa sun ƙi komawa don sun saba da tallafi, ina ganin ba su taɓa lissafa abin da uba zai rasa ba idan ya kwashi yara ya koma, wata uku yaƙi ya dawo.

Habasha misali ce. Yarjejeniyar Pretoria ta 2 ga Nuwamban 2022, wadda Olusegun Obasanjo ya jagoranta a madadin Tarayyar Afirka, ta dakatar da faɗa tsakanin gwamnati da TPLF, ƙungiyar da ke mulkin yankin Tigray. Amma yammacin Tigray ya ci gaba da zama a hannun dakarun Amhara, don haka dubban ɗaruruwan da aka kora daga can suka ci gaba da zama a makarantu da sansanoni. A Bosniya an hango wannan matsala, yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta ware babi guda kan 'yancin kowa ya koma ya karɓi gidansa. An mayar wa mutane da yawa gidajensu, sai dai wasunsu sayarwa suka yi suka zauna inda ƙabilarsu ta fi yawa.

Akwai wani haɗarin kuma. Ƙasar da ta gaji da baƙi takan riƙe labarin tsagaita wuta a matsayin hujjar cewa lokacin tafiya ya yi. Doka ta hana. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 33, ta haramta mayar da mutum inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, ta Afirka ta 1969 kuma ta ce komawa sai da raɗin kai.

Idan komawar ta gagara, hanya biyu ta rage. Ko a kai mutum wata ƙasa ta uku, wanda ƙalilan ne ƙwarai ke samu, ko ƙasar da yake zaune ta karɓe shi ya zama ɗan ƙasa. Tanzaniya ta yi haka a 2014, ta ba 'yan Burundi kimanin dubu 162 takardar zama 'yan ƙasa. Tun 1972 iyalansu suka tsere, kuma mafi yawansu a Tanzaniyar aka haife su.