Gajeren rubutun barkwanci ba aikin wasa ba ne

An daɗe ana cewa marubucin kirki shi ne mai sa ka hawaye, wanda ke sa ka dariya kuwa ɗan wasa ne, abin da ya rubuta kowa ma zai iya. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba haka abin yake ba.

Mai ba da labari da baki yana da murya da fuska, yana iya ɗan yin shiru kafin ya saki maganar, kuma dariyar na kusa da kai tana janyo taka. Marubuci ba shi da ko ɗaya. Abin da ke hannunsa kalma ce da waƙafi da aya. Shi ya sa yake ajiye kalmar bazata can ƙarshen jimla. In ta zo da wuri, ka riga ka gano inda aka dosa, dariyar ta mutu. In ya ƙara layi yana bayyana abin dariyar, ya ɓata rawarsa da tsalle. Wanda ya fi burge ni shi ne labarin da jarumin ke kare wautarsa da hujjoji, bil haƙƙi da gaskiya, bai san mai karatu ya gano shi ba.

Dogon labari yana iya ɗaukar babi mai rauni. Labarin shafi biyu kuwa ba ya ɗaukar ko jimla ɗaya mai rauni.

In ka samu mai kyau, karanta shi sau biyu. A karo na biyu, gwada sauya wa kalmar ƙarshe wuri, ka ga abin da zai rage.