A Mayar wa Ramin Kwal da Cikonsa

Jama'a, duk wanda gidansa ko gonarsa ke kan mahaƙar kwal ya san yadda abin ke farawa. Bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, rijiya ta ƙafe ba a lokacin fari ba. Ƙasa ce ke lotsawa. Idan aka kwashe kwal aka bar wurin fayau, rufin ramin yakan rufta, duwatsun da ke samansa su bi shi sannu a hankali har lotsawar ta iso doron ƙasa. A yankin Ruhr na Jamus akwai wuraren da suka nutse fiye da mita 20, har yau da famfo ake janye ruwa don kada ya mamaye unguwanni.

Abin takaici, tarkacen duwatsun da ke fitowa tare da kwal, waɗanda za su iya toshe ramin, a waje ake tsiba su. Tsibin kan kama wuta da kansa, ya riƙa fitar da hayaƙin farar wuta mai tayar da tari da asma. Yakan kuma zaftare. A 1966 irin wannan tsibi ya rufto wa makarantar firamare a Aberfan da ke Wales, mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara.

Ciko shi ne a mayar da tarkacen inda ya fito. Wani lokaci a farfasa shi, inji ya danne shi a bayan masu haƙa. Wani lokaci a niƙe shi, a kwaɓa da tokar tashar lantarki mai ƙona kwal da ɗan siminti, a tura ta bututu ya daskare a ciki. Ƙasar Sin na amfani da wannan dabara wajen ciro kwal daga ƙarƙashin gidaje, layin dogo da koguna.

Amma kada a ruɗe ku: ciko rage lotsawa yake yi, ba ya hana ta gaba ɗaya, kuma yana da tsada, shi ya sa wasu kamfanoni ke noƙewa. Tarkace mai farar wuta kuma, in ya haɗu da ruwa da iska, yakan tsamar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka sai an gwada shi kafin a zuba.

Ku ɗauki hoton duk tsagewar bango tare da kwanan wata. A taron kamfani ku tambaya: da me za a cike ramin da ke ƙarƙashinmu, wa zai riƙa gwada ruwan rijiyoyinmu, kuma sau nawa a shekara?