Gadojin hanyoyin mota a jihar Pennsylvania

Pennsylvania, da ke arewa maso gabashin Amurka, tana cikin jihohin da suka fi yawan gadoji a ƙasar, kuma ta daɗe tana cikin waɗanda gadojinsu suka fi buƙatar gyara. Hukumar sufuri ta jihar, wadda ake kira PennDOT, tana kula da gadoji sama da 25,000 mallakar gwamnatin jiha, matsakaicin shekarunsu ya haura 50. Ban da waɗannan akwai wasu fiye da 6,000 a hannun gundumomi 67 da ƙananan hukumomi fiye da 2,500. Yanayin ƙasar ne ya jawo wannan yawa: tsaunuka da kwaruruka, ga kogunan Susquehanna da Delaware da Allegheny da Monongahela, ga rafuffuka ba iyaka. Birnin Pittsburgh kaɗai an ƙirga masa gadoji 446. Gadar Frankford ta dutse da ke Philadelphia tun 1697 take tsaye, har yau motoci na bin ta.

Yadda ake auna lafiyar gada

Dokar duba gadoji a Amurka ta samo asali ne daga wani mummunan hatsari. A ranar 15 ga Disamba 1967 gadar Silver da ke kan kogin Ohio ta rufta da motoci, mutum 46 suka rasu, kuma bincike ya nuna cewa 'yar ƙaramar tsaga ce a jikin ƙarfe guda ta jawo komai. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar duba gadoji, daga baya aka faɗaɗa ta: duk gadar da ke kan hanyar jama'a, in tsawonta ya wuce ƙafa 20, sai an duba ta aƙalla sau ɗaya cikin wata 24. Pennsylvania ta ƙara tsanantawa a kan nata, domin tana lissafa gadojin jiha tun daga masu ƙafa 8.

Masu dubawa suna raba gada kashi uku: daben da tayoyi ke takawa, manyan sandunan ƙarfe ko na kankare da ke ɗauke da daben, sai ginshiƙai da tushe. Kowane kashi ana ba shi maki daga 0 zuwa 9. Maki 7 zuwa sama lafiya lau, 5 da 6 dama-dama, 4 zuwa ƙasa kuwa gada ta shiga sahun marasa lafiya. Kashin da ya fi kowane rauni shi ke yanke wa gadar hukunci, ko da sauran biyun sabbi ne fil. Shiga wannan sahu ba ya nufin gada za ta faɗi gobe. Yana nufin wani muhimmin sashe ya ci jiki har ya zama dole a riƙa duba shi akai-akai, a rage nauyin da ke hawa, ko a rufe. Aikin dubawar kansa na ido da hannu ne: a ƙwanƙwasa kankare da guduma a ji inda ya yi ƙarar fanko, a auna kaurin ƙarfen da tsatsa ta bari, a tura masu ninƙaya su duba gindin ginshiƙan da ke cikin ruwa.

Abin da ke cin gadojin

Ruwa ne babban abokin gaba, kuma a Pennsylvania ruwan yana zuwa da gishiri. Duk lokacin hunturu ana watsa gishiri a kan hanyoyi don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana ratsa ƙananan tsagogin kankare har ya kai ga rodin da ke ciki. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tura kankaren da ke lulluɓe da shi har ya ɓalle. Ga kuma daskarewa da narkewa: ruwa ya shiga tsaga da rana, ya daskare da dare, ya buɗa ta, kuma a jihar hakan na maimaituwa sau da dama a hunturu guda. Don haka ba abin mamaki ba ne a ce a nan aka fara amfani da rodi mai rufin roba a daben gada, a 1973, kusa da Philadelphia.

Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne mahaɗar dabe, wato ratar da ake bari don gada ta samu damar miƙewa da zafi ta takure da sanyi. Da robar da ke toshe ratar ta yage, ruwan gishiri sai ya riƙa zuba kai tsaye a kan bakin sanduna da matashin ƙarfen da suke zaune a kai. A Fabrairun 2008 wani sashe na gadar Birmingham a Pittsburgh ya nutse da kimanin inci 8 cikin dare saboda irin waɗannan matasan sun karkace. Kafin nan, a Disambar 2005, wata sandar kankare ta gadar Lake View Drive ta faɗo kan babbar hanyar I-70. Sandunan irin nata fanko ne a ciki kamar akwati, an jera su kafaɗa da kafaɗa, sai ruwa ya bi tsakaninsu ya cinye wayoyin ƙarfen da ke riƙe da su a inda ido ba ya gani. Jihar na da ɗaruruwan gadoji masu wannan fasali, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai zaizayar gindi, lokacin da ambaliya ke kwashe yashi da tsakuwar da ginshiƙi ke tsaye a kai. Ita ce ta fi kowane dalili kayar da gadoji a Amurka baki ɗaya. A Janairun 1996 ambaliya mai ɗauke da manyan ɓaraguzan ƙanƙara ta tafi da wani ɓangare na gadar Walnut Street a Harrisburg. Nauyi ma na da nasa rabon: gadoji da yawa an tsara su tun kafin tirela mai nauyin fam 80,000, kimanin tan 36, ta zama abin da ake gani kullum.

Darasin Fern Hollow

Da asubahin 28 ga Janairu 2022 gadar Fern Hollow, mai tsawon ƙafa 447, ta rufta cikin kwarin gandun Frick a Pittsburgh, da bas da ƙananan motoci a kanta. An ji raunuka, amma babu wanda ya rasu, kuma abin ya faru ne a ranar da Shugaba Joe Biden ya zo birnin don yin magana a kan gyaran hanyoyi da gadoji. Gadar ta birnin ce, ba ta jiha ba. An gina ta a farkon shekarun 1970 da wani irin ƙarfe da ba a yi masa fenti, domin tsatsar farko da ya yi ita ke zame masa garkuwa. Sharaɗinsa guda ne: ya jiƙe ya bushe. In ya zauna cikin danshi, tsatsar ba ta tsayawa.

Abin da ya faru ke nan. Magudanan ruwan gadar sun toshe da ganye da datti, ruwa ya riƙa kwarara a kan ƙafafunta shekara da shekaru har ƙarfen ya huhhuje. Tun 2011 take cikin sahun marasa lafiya, kuma rahotannin masu dubawa sun yi ta maimaita shawara iri ɗaya. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasa, a rahotonta na 2024, ta ɗora babban laifin a kan rashin aiwatar da waɗannan shawarwari. Ta kuma gano kuskure a lissafin nauyi: an kafa allon tan 26, alhali kwaltar da ke kan daben ta kusan ninka kaurin da aka sa a lissafi, kuma da an yi shi daidai da rufe gadar ya wajaba. An gina sabuwa da kimanin dala miliyan 25 aka buɗe ta a Disambar 2022. Abin lura shi ne, kuɗin sake gini ya samu cikin kwanaki, amma na share magudana ya gagara shekara goma.

Matakan gyara

Mafi araha shi ne kiyayewa: wanke gishiri bayan hunturu, share magudana, sauya robar mahaɗa, fenti, da shimfiɗa siririn rufi a kan dabe. Sama da shi akwai babban gyara, inda ake sauya dabe ko sanduna a bar ginshiƙai. Na ƙarshe shi ne rushewa a sake gini. Idan kuɗin ko ɗaya bai samu ba, sai a koma ga allon taƙaita nauyi. A 2013 PennDOT ta sa sabon taƙaitawa ko ta ƙara tsananta shi a kan gadoji kusan 1,000. A takarda wannan mataki ba ya cin kuɗi, amma motar kashe gobara da bas ɗin 'yan makaranta da tankar madara su ke biya da dogon zagaye. Wani lokaci ma dabarar jinkiri kan zama abin kallo: tsohuwar gadar Greenfield ta riƙa zubar da ɓaraguzan kankare a kan hanyar I-376, sai aka naɗe ta da raga aka gina mata wata rumfa a ƙasa don tare abin da ke faɗowa, har zuwa 2015 da aka rushe ta.

A 2008 gadojin jiha marasa lafiya sun kai 6,034, adadi mafi yawa a tarihin jihar. Bayan faɗuwar gadar I-35W a Minneapolis a 2007, inda mutum 13 suka rasu, gwamnatin Ed Rendell, gwamnan jihar a lokacin, ta ƙaddamar da shirin gaggauta gyara. Daga baya aka haɗa ƙananan gadoji 558 a kwangila guda ta dala miliyan 899, da sharaɗin kamfanin da ya gina su zai kula da su shekara 25. Zuwa farkon shekarun 2020 adadin ya sauka ƙasa da rabin na 2008. Ci gaba ne na gaske, sai dai lissafin na ɓoye abu biyu. Ƙirga gadoji ɗaya-ɗaya yana daidaita 'yar gadar rafi da ƙatuwar gadar kogi, shi ya sa injiniyoyi suka fi son auna faɗin dabe. Na biyu, mafi yawan gadojin suna matakin dama-dama, kuma kowace shekara wasu na gangarowa su maye gurbin waɗanda aka gyara. Gadojin ƙananan hukumomi kuwa sun fi na jiha yawan marasa lafiya in aka kwatanta da adadinsu, domin ƙaramar hukuma mai 'yan dubban mutane ba ta da injiniya na kanta balle kuɗin sake gada.

Inda kuɗin ke fitowa

Harajin mai ne ƙashin bayan asusun gyaran hanyoyi da gadoji. Na tarayya yana nan a senti 18.4 kan galan tun 1993, tsadar kaya ta cinye darajarsa. Na jiha ya tashi bayan doka mai lamba 89 da Gwamna Tom Corbett ya sa wa hannu a 2013, wadda aka tsara ta riƙa kawo kimanin dala biliyan 2.3 a shekara ga harkar sufuri, har harajin ya haura senti 57, ɗaya daga cikin mafiya tsada a ƙasar. Dokar ta kuma ba gundumomi damar ƙara dala 5 a kan kuɗin rajistar mota don ayyukansu. Amma ba duk kuɗin ke isa ga hanya ba. A 2019 babban mai binciken kuɗi na jihar, Eugene DePasquale, ya bayyana cewa sama da dala biliyan 4 daga asusun sun tafi ga 'yan sandan jiha cikin kimanin shekara shida.

Yunƙurin sanya kuɗin fito a manyan gadoji 9 na hanyoyin tarayya ya ci tura a 2022, bayan ƙananan hukumomi sun kai ƙara kotu ta dakatar da shi. Dokar ababen more rayuwa ta tarayya ta 2021 ta ware dala biliyan 27.5 don gadojin ƙasar cikin shekara biyar, rabon Pennsylvania ya kai kusan biliyan 1.6, kuma ta ba da damar tarayya ta biya dukkan kuɗin gyaran gadojin ƙananan hanyoyi ba tare da neman kason ƙaramar hukuma ba. Tun da motoci na ƙara rage shan mai, jihar ta fara karɓar kuɗin shekara daga masu motocin lantarki a 2025, farawa da dala 200.