Ƙabilar Nottoway: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Su wane ne Nottoway?

'Yan asalin Amurka ne na kudu maso gabashin jihar Virginia, a bakin kogin da ake kira da sunansu. Kuma don Allah a daina ce musu "Indiyawan daji".

Gwamnati ta amince da su?

Wace gwamnatin? Majalisar jihar Virginia ta amince a 2010, ta tarayya ba ta amince ba. Kuma rukuni biyu ne, kowanne da shugabansa: Nottoway Indian Tribe of Virginia a Capron, da Cheroenhaka a Courtland.

Za su buɗe gidan caca ke nan?

A'a. Kullum sai an tambayi wannan! Wannan dama ta ƙabilun da tarayya ta amince da su ce, irin su Pamunkey. Abin da jiha ta ba su suna ne da mutunci, ba ikon mulki ba.

Surukina ya ce kakarsa 'yar Nottoway ce. Zai iya shiga?

To, nan sai a hankali. Ya danganta, domin kowane rukuni shi ke tsara sharuɗɗansa, ba jiha ba. Labarin kaka yana da daraja, amma takarda ake nema, wadda za ta haɗa shi, kaka da kakanni, da mutanen da suka zauna a filin ƙabilar a gundumar Southampton kafin a raba ragowarsa a 1878. Gwajin DNA ba ya faɗin sunan ƙabila, kada ya ɓata kuɗinsa da wannan niyya.

Matsalar ita ce takardun kansu sun sha hannu. A 1924 Virginia ta yi dokar da ta raba jama'a gida biyu, farare da masu launi. Walter Plecker, shugaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa har zuwa 1946, ya dage cewa babu sauran 'yan asali a jihar, ya sa aka riƙa rubuta su cikin masu launi. Saboda haka in ya ga takardar haihuwar kakar ba ta ambaci asalinta ba, kada hankalinsa ya tashi. Haka ta faru da gidaje da yawa. Amma wannan ma ba hujja ba ce cewa labarin gaskiya ne. Mai yiwuwa tsofaffin takardun kotu na rabon fili su taimaka, mai yiwuwa su ƙi. Ya fara rubuta wa ƙabilar da ladabi, ya ji abin da suke karɓa, ya kuma shirya wa jira.

Ƙabila ce ko ƙungiyar sa-kai?

Duka biyun, kuma ba abin kunya ba ne. Tunda doka ba ta ɗauke su gwamnati ba, ta hanyar gidauniya mai rajista, wadda ba ta neman riba, suke buɗe asusun banki, su karɓi gudummawa, su mallaki fili, su shirya taron rawa na shekara-shekara. Rajistar ba ita ta haifi ƙabilar ba: sunan Nottoway yana cikin yarjejeniyar 1677 da Turawan Ingila.

Akwai albashi na wata-wata ga 'yan ƙabilar?

Babu. Wa ya gaya maka?