Waiwaye: Tsohuwar rigimar Linux da cikar RAM

A shagunan gyaran kwamfuta na Wunti, a Bauchi, ƙorafin ba ya ƙarewa: an sa wa tsohuwar na'ura Linux, ba a buɗe komai ba, amma RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, ya kusa cika. Sai ka ji maigida ya ce wa yaronsa, "Kai, share masa cache ɗin nan."

Alhali da gangan kernel, wato zuciyar manhajar, yake cika wurin. Duk fayil ɗin da ya karanto daga diski sai ya ajiye kwafinsa kusa, a cikin RAM (wannan kwafin shi ne cache), kamar mai shago da ke jera kayan da aka fi tambaya a bakin kanta. Da zarar wata manhaja ta nemi wuri, sai ya sakar mata. Abin da aka daɗe ana ja a kai shi ne me zai fara saki.

Jerin Linux 2.6 ne ya miƙa wa mai na'ura linzami. Akwai saitin swappiness, mai tsara yawan kwashe bayanan manhajoji daga RAM zuwa diski, da ke zuwa a 60, da vfs_cache_pressure, da ke zuwa a 100. Na biyun ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba ruwansa da abin da ke cikin fayil. Sunayen fayiloli da bayanansu kaɗai yake dubawa. Ka rage shi, kernel ya ƙara riƙe su, shiga folda ya yi sauri. Ka kai shi 0, ba zai sake su ba ko da wuri ya ƙure, na'ura na iya shaƙewa.

A 2006, siga ta 2.6.16 ta kawo drop_caches, hanyar share cache da hannu. Don gwaji aka yi shi, takardun kernel ma sun faɗa. Amma har yau akwai masu sa shi ya riƙa sharewa duk awa, wannan kuwa yana damuna, domin diskin da ya riga ya gaji ne ke sake karanto komai.

Gyaran gaske daga ciki ya zo. A 2008 aikin Rik van Riel ya raba lissafin sassan RAM da ke riƙe da fayil da na manhajoji. A 2014 siga ta 3.14 ta ƙara MemAvailable, shi ya sa umarnin free ke nuna abin da za a iya samu, har da cache ɗin da zai saku. A 2022 kuma 6.1 ta karɓi MGLRU, sabuwar hanyar zaɓen abin da za a fara saki daga RAM, daga injiniyoyin Google.

Ni dai a kwamfuta mai RAM 4GB da diski mai juyawa nakan gwada sa vfs_cache_pressure a 50 in auna bambanci. In SSD ne, 100 ɗin nake bari.